Ja Namu Ne

Tun ranar da muka sauka a Kuala Lumpur tsoro ɗaya nake ɗauke da shi, tsoron ranar da za a ce mu tattara mu koma gida. Sauran matan da mazajensu suka zo karatu kullum zancensu ke nan, yaushe za a gama a tafi, sun yi kewar biki da suna, sun gaji da zaman bene. Ni ina jinsu ina murmushin yaƙe. Idan babanku ya shigo da yamma, fuskarsa nake fara dubawa kafin ledar hannunsa, in ga ko an yi wata magana a kan biza. Ummi, ke shekararki biyar lokacin da abin nan ya faru, Sadiq yana rarrafe. Ina rubuta muku ne saboda na san abin da za ku tarar a Kano. Za a ce muku uwarku ce sanadin da babanku ya rasa aiki, ita ta raba ku da ƙasar da kuka buɗe ido a cikinta. To, ku ji yadda aka yi daga bakina. Karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Gidanmu na unguwar Setapak ɗan ƙarami ne, can sama a wani dogon bene, lif ɗinsa yana warin taba da soyayyen kifi. Amma ni a wurina aljannar duniya ce. Ƙofa biyu gare mu, ta katako da ta ƙarfe. Ba a ɗauke wuta. Idan na leƙa ta taga ba abin da nake gani sai jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada da mutane suna cin roti a mamak, wato gidan cin abincin da ke ƙasan benenmu, ba mai gudu, ba mai waige. Lokacin sabuwar shekarar 'yan Cana ne kawai nake shiga uku, saboda wasan wutarsu mai ƙara kamar harbi. Da an fara sai in kwashe ku mu shige banɗaki in kunna famfo. Babanku ya san an taɓa kai wa garinmu hari, ya san na rasa yayana a ciki, amma bai taɓa jin yadda aka yi ba, ni kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna da ta haife ni.

Babanku karatun sinadarai yake yi a jami'ar da ke Jalan Semarak, gwamnati ce ta turo shi. A shekarar nan karatun ya zo ƙarshe, kuma da ya ƙare bizarmu ta ƙare. Ana cikin haka ya haɗu da wasu samari a mamak, masu haɗa wasan kwamfuta na jiragen yaƙi a sararin samaniya. Kamfaninsu ƙarami ne, a saman wani kedai, wato shago, a unguwar Cheras, shugabarsu wata 'yar Cana da suke kira Mis Tan. Ita ba ta son a zaɓi komai don kyau kawai. Akwai harsashin da idan an harba yake jan wutsiyar haske a bayansa, don mai harbi ya ga inda wutarsa ke zuwa. Ta ce launin wannan hasken a wasansu sai ya zama na gaske, kowane launi da sinadarin da ke haifar da shi. Aikin babanku ke nan. Ta kuma yi masa alkawarin idan wasan ya fito za ta nema masa takardar aiki, mu zauna. Ranar da ya gaya mini, wallahi sujada na yi a kan tabarmar falo.

Wata Asabar bayan la'asar ina yanka albasa ya leƙo kicin da wata 'yar jaka.

"Maman Ummi, ara mini murhunki da cokali ɗaya."

"Na miya ko na shayi? Don in ka ƙona mini na miya, yau sai dai ka sauka ka yi mana tapau, ka sayo abincin waje."

"Haba lah, kimiyya za ki kalla kyauta. Ummi, zo ki ga aikin babanki."

Ya rufe labule, ya kunna gas. Ya barbaɗa gishirina a kan wutar, ta koma rawaya. Ya karɓi kanwa ya gwada, ita ma rawaya, ya ce ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sodiyom ne a cikinsu. Ya sa wayar jan ƙarfe, wuta ta yi wani kore mai shuɗi-shuɗi, kina tsalle kina tafi, ni ma ina dariya ina cewa yau miya za ta yi ɗanɗanon waya. Sannan ya fito da wata 'yar kwalba da ya taho da ita daga ɗakin gwaji, farin gari a ciki kamar garin rogo. Ya ce wannan sitirontiyom ne, shi ne sarkin ja. Ya ɗiba a bakin cokali ya kai wuta.

Jan da ya tashi ba jan manja ba ne, ba na tattasai ba ne. Sau ɗaya na taɓa ganinsa a rayuwata. Ban san lokacin da wuƙar ta faɗi ba. Na dai farga ina kwance a ƙasa gefen firji, na danne Sadiq da cikina yana tsala ihu, ke kuma kina tsaye kina kallona kamar ba ki san ni ba.

A ranar na gaya wa babanku. Yanzu ga shi ina gaya muku.

Shekarata sha biyar. Ana shirin kiran magariba mahara suka shigo garin a kan babura. Yaya Lawwali, wanda nake bi, mai gyaran injin niƙa ne, shi ya fizgi hannuna muka yi gonar dawa ta bayan gari. Ya kwantar da ni a tsakanin kunyoyin gonar ya ce ko me na ji kada in ɗaga kai. Rigingine na faɗi, don haka sama nake kallo. Daga wajen kasuwa, inda maharan suke, wasu koren fitilu suna ratsa sama a jere. Can sai ga ja daga wajen titi, suna tahowa kamar a hankali, in sun zo kanka sai su wuce fyuu. Yaya ya ce waɗanda aka turo su cece mu ne suka iso. Murna ta kama shi. Ya ce, "Ja namu ne, Sa'ade, ja namu ne!" Ya miƙe tsaye yana ɗaga rigarsa don su gan mu. Ban ji ya yi ƙara ba. Zama na ga ya yi, kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta a kan ƙafata. Ta wajen titi abin ya same shi. Ina nan ƙarƙashinsa har gari ya waye.

Babanku ya yi kuka, ba zan ɓoye muku wannan ba. Ya rungume ni a ƙasan kicin ya ce Allah ya jiƙan Yaya, ya ce ba zai sake kawo farin garin nan gidan ba, kuma bai sake ba. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji.

Bayan nan sai tambayoyi suka fara zuwa, ɗaya yau, ɗaya jibi, a hankali, yawanci ina ninke kaya ko ina yi miki kitso. Jan nan miƙe yake tafiya ko yana lanƙwasa? Yana mutuwa kafin ya sauka ko da haskensa yake faɗuwa? Koren ya fi jan haske? Ina ba shi amsa, domin na ɗauka miji ne yake son ya san abin da matarsa ta gani. Shi ma yana koya mini. Ya ce koren bariyom ne. Ya ce tsakanin mai haske da mai haske akwai wasu harsasan da ba a gani, su ne suka fi yawa. Na kwana biyu ina juya wannan maganar, ashe wanda ya ɗauki Yaya ma wataƙila ban gan shi ba. Wata rana na tsaya a bayansa yana gwada wasan, na ga jan haske ya ratsa jirginsa bai yi masa komai ba.

"Baban Ummi, ba harbinka aka yi ba?"

"Na ɓangarenmu ne ai. Mun hana shi yin illa. Wutar abokinka ba ta cin ka, in ba haka ba yara za su yi fushi su daina wasan."

Na ce to. Na koma kicin na daɗe ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Da babbar Sallah aka taru a gidan Anti Hafsat a Cheras. Matar wani malamin jami'a ce, ta daɗe a ƙasar, ita ce uwar duk wata baƙuwa, ita ta raka ni asibiti haihuwar Sadiq. An ci masa, an ci nama, maza suna falo, mu muna ƙofar kicin. Sai babanku ya ce yana da abin nunawa, ya haɗa wayarsa da talabijin. Tallar wasan ce. Baƙin sama, taurari, jirage suna juyi, kore yana tahowa daga can, ja yana tashi daga nan, yana lanƙwasa yana mutuwa kafin ya kai, daidai yadda na faɗa masa. Sai ga wani matuƙi baƙar fata, an rubuta sunansa a ƙasan hoton. Ko ban iya Turanci ba ai na iya karanta sunan yayana. Ya buɗe baki, da muryar babanku, da Hausa, ya ce, "Ja namu ne!" A ƙarshe wani rubutu ya fito, wata a gefena ta karanta mini da murna: wai an ɗauko daga labarin gaskiya na wata mata da ta tsira.

Falo ya ɗauki tafi. Wani ya ce, "Dakta, ashe har da fim kake yi ba mu sani ba? A ba mu ko da aikin share jirgi ne!" Wani ya ce Hausa ta shiga sararin samaniya kafin jirgin ƙasa ya zo garinsu. Babanku ya waiwayo yana nemana da ido, fuskarsa cike da haske, kamar wanda ya kawo mini lefe. Matan suka juyo suna kallona, waɗansu sun gane ko wace ce matar. Ku kuma yara kuka zuba a baranda da guje-guje, kuna nuna juna da yatsa kuna cewa "Ja namu ne, fyuu, fyuu," wannan ya faɗi, wancan ya faɗi, ana ta ƙyalƙyala dariya. Muryarki ta fi ta kowa, Ummi.

Da muka dawo gida na tare shi.

"Wa ya ba ka?"

"Me fa?"

"Sunan Yaya. Maganarsa ta ƙarshe. A ƙasan kicin ɗin nan na ba ka ita, ban ba Mis Tan ba."

"Sa'ade, raya sunansa na yi. Mutane a duk duniya za su ji shi. Da wa ya san shi?"

"Inna ta san shi. Kullum tana kiransa a sujada. Kuma ka faɗa musu cewa jan ne ya kashe shi?"

Ya ce wannan ba zai shiga wasa ba, mai wasa dole ya san nasa da na maƙiyi, shi ya sa ake ba su launi tun farko.

"To ka cire shi."

"Ba zai yiwu ba. Wannan wurin ne Mis Tan ta fi so a duk wasan, saboda shi ta fara maganar takardata da gaske." Ya sassauta murya. "Ke fa kika fi kowa tsoron komawa. Ko kin manta banɗaki da famfo? Yayanki ne zai zaunar da 'ya'yanki inda ba a harbi. Ki ɗauka ya sake kwantar da ke a kunyar gona."

Wannan maganar ita ce ban yafe ba har yau, don gaskiya ce a cikinta, kuma ya san inda zai soka. Na bar maganar tsawon makonni. Ina dafa abinci, ina kai ki makaranta, ina leƙa taga ina kallon mutanen mamak ina cewa a raina, Sa'ade haɗiye, matattu ba sa jin ciwo. Na kusa haɗiyewa. Sai wata rana da hantsi kika same ni ina hawaye a kan wanki. Kin riga kin ji a bakin yaran Cheras cewa matuƙin nan kawunki ne. Kika dafa ni kika ce, rabi Turanci rabi Hausa:

"Mama, kar ki yi kuka. In Kawu Lawwali ya mutu, dannawa ake yi ya tashi. Baba ya nuna mini."

Washegari da babanku ya tafi jami'a na goya Sadiq na hau jirgin ƙasa zuwa Cheras. Ban taɓa yin nisa haka ni kaɗai ba. Na gaya wa Anti Hafsat ina so ta raka ni wurin Mis Tan ta yi mini tafinta. Ta riƙe haɓa.

"Ke yarinya, kin san abin da kike shirin yi? Abincin mijinki ne fa."

"Na sani, Anti."

"Ki bari Malam ya yi masa magana, namiji da namiji."

"Ya riga ya ji daga bakin matarsa. Idan ba za ki je ba, zan je in yi mata magana da hannu."

Ta ja tsaki ta ɗauki mayafi.

Ofishin ɗaki ɗaya ne mai sanyi, samari sun toshe kunnuwa suna kallon kwamfuta, ko'ina kofunan shayi. A bango an manna babbar takarda mai launuka, kowanne da sunan sinadarinsa, da rubutun hannun babanku. Mis Tan 'yar siririya ce, ba ta girme ni da yawa ba. Da ta ji ko ni wace ce ta miƙe da sauri ta kama hannuna biyu, tana magana tana murmushi. Anti ta ce wai tana godiya da na ba su labarina, wai ni jaruma ce. Na ce Anti ta gaya mata yadda Yaya ya mutu, har da ɓangaren da abin ya fito. Ina kallon fuskarta murmushin yana zubewa. Ta zauna. Ta yi wata tambaya a hankali, Anti ta juyo gare ni.

"Wai mijinki ya ce mata kin yarda, har kin ji daɗi. Tana tambaya ko haka ne." Anti ta matse mini cinya ta ƙarƙashin tebur, ta ƙara da nata. "Ki ce kin yarda da farko, yanzu ne zuciyarki ta canza. Za su cire, shi kuma ya tsira. Ki rufa masa asiri, Sa'ade, ki rufa wa kanki."

Na san shawara ce mai kyau. Na buɗe baki in faɗa. Sai na ga idan na ce na yarda, to na zama wadda ta sayar da Yaya da bakinta ta dawo tana kuka, kuma haka za a riƙa faɗa har ku girma ku ji. Ban jira tafinta ba. Na kalli Mis Tan na girgiza kai na ce mata a'a da Turancin da na iya.

Ta rufe ido ta ce sori, ta sake cewa sori. Ta raka mu har bakin matakala.

Kafin sati ya zagayo sun sauke tallar, sun canza wa matuƙin suna da fuska, sun cire muryar. Sun kuma sallami babanku. Mis Tan ta ce masa ba don labarin ba, don ya ce mata an yarda alhali ba a yarda ba, kuma ƙaramin kamfani irin nasu ba zai iya ɗaukar wannan ba. Maganar takarda ta mutu a nan. Launukan dai suna nan yadda ya zaɓa musu, sitirontiyom da bariyom da jan ƙarfe, domin aikin ya yi kyau. Wasan ya fito. Har yanzu ja nasu ne, kuma ba ya cin kowa.

Ranar da aka sallame shi bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa ya ce, "Kin zaɓi wanda ya mutu a kan masu rai." Na ce masa shi ya fara haɗa su a ciniki ɗaya. Tun daga nan maganarmu ba ta wuce ta abinci da ta makarantarku. Hajiya, kakarku, ta kira daga Kano ta ce ita dama ta faɗa, wanda ya auro 'yar gudun hijira ya auro baƙin ciki. Matan da muke cin masa tare yanzu in na shiga sai hira ta koma ta farashin kifi. Anti Hafsat kaɗai take kirana, ita ma sai ta fara da "Ai na gaya miki."

Ya kare kundin bincikensa a gaban malamai, ya zama dakta na gaske, kuma ya cancanta. Ina rubuta wannan ne a kan kwali, falo duk an ɗaure kaya, an sayar da firji. Jibi za mu tashi. Tsoron da na zo da shi yana nan bai ragu ba, da shi zan hau jirgi, kuma ni na buɗe masa ƙofa da hannuna ina sane. Idan an ce in sake, ban san ko zan iya ba, amma ban ce na yi kuskure ba.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Idan kun karanta, kada ku kai wa babanku don ku tuhume shi, kada ku karanta wa dangi don ku wanke ni. Kada ku juya shi zuwa Turanci, kada ku ɗora shi a waya, ko wani ya ce muku duniya za ta amfana. Ku yi wa kawunku Lawwali addu'a, ku ninke takardar ku ajiye.